Shamoni: kwana uku a gindin Mont Blanc

Ƙanena da ke aiki a Faransa ne ya matsa mini. "Yaya, ba za ka koma Maraɗi ba ka taka ƙanƙara ba." Haka muka kama hanyar Shamoni, garin da Faransawa ke rubutawa Chamonix, kusa da iyakar Italiya da Suwis.

Wurin ya daɗe da yin suna. Nan aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a 1924, kuma a tsakiyar gari akwai mutum-mutumin Jacques Balmat yana nuna dutsen Mont Blanc da hannu. Shi da likita Michel Paccard ne suka fara kai wa ƙololuwar Mont Blanc a 1786.

Zamiya kan ƙanƙara yini guda na yi ta, a filin ƴan koyo. Ana hayar takalma da sanduna, malamin kuma mutum ne mai haƙuri. Gwanaye su kan tafi filayen zamiya na Brévent ko Grands Montets.

Motar igiya mai hawa wani dutsen da ake kira Aiguille du Midi, wadda ke aiki tun 1955, ita ce ta sa na yi ta tasbihi. Cikin minti ashirin ta ɗauke mu daga gari, mai tsayin mita 1,035, zuwa kusa da tsinin dutsen, mai mita 3,842. Numfashi sai da ƙyar. Sanyin hunturun da muke hura wa wuta a watan Janairu, nan wasan yara ne. Ka sa safar hannu biyu, ka riƙa tafiya a hankali.

Amma inda zuciyata ta tsaya shi ne Mer de Glace, kogin ƙanƙarar da ake zuwa a jan jirgin ƙasa na Montenvers, wanda ya haura shekara ɗari yana hawan dutsen nan. A jikin dutse an kafa alluna masu nuna inda ƙanƙarar take a shekarun baya. Kana sauka, shekarun na matsowa kusa da yau, ita kuwa tana can ƙasa, ta yi baƙi da tsakuwa. Na tuna tsofaffinmu in suna ba da labarin yadda Gulbin Maraɗi ke cika da, da yadda ruwansa ke daɗewa. Na jima tsaye ban ce uffan ba.

Tsada kam akwai ta. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, shayi kofi guda sai ya ci kuɗin tuwon gida. Abinci kuma sai da tambaya: tartiflette, wani girkin dankali da cuku, da naman alade ake yin ta, cukun da ake narkarwa a tukunya galibi da giya a ciki. A wani gidan abinci sau biyu na tambaya kafin aka faɗa mini gaskiya, abin ya ɓata mini rai. Daga ranar burodi da kifi da dankali muka riƙe, salla kuma a ɗakin masauki muka yi ta.