Amsterdam ko Rotterdam: ina ayari zai sauka a Holan?

Idan ku shida ne ko takwas kuka haɗa kuɗi za ku hutu Holan, kuma kuna son garin da dare yake da rai, ku sauka Rotterdam. Amsterdam ku je mata yawon yini ku dawo, tafiyar jirgin ƙasa ba ta kai awa guda ba, kuma akwai jirgin dare da ke zirga-zirga tsakaninsu duk awa.

Matsalar Amsterdam ga ayari ita ce wurin kwana. Dokar garin ta hana mai gida ya ba baƙi fiye da huɗu haya a lokaci guda, ga harajin baƙi na kashi 12.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kuɗin ɗaki tun 2024. Hukumar garin ma ta gaji da gungun samari masu zuwa sheƙe aya, har ta yi kamfe a 2023 tana cewa su yi zamansu a gida. A sauran garuruwan kuwa, Utrecht kyakkyawa ce, amma kwana biyu sun isa ku gama ta. Groningen garin ɗalibai ne, mashayarsu ba ta da lokacin rufewa, wanda ba ya sha kuwa ya yi doguwar tafiya a banza. Den Haag sai mai son bakin teku.

Rotterdam daban take. Jiragen Jamus sun ragargaza tsakiyarta ranar 14 ga Mayu 1940, aka sake gina ta da faɗin tituna da dogayen benaye, shi ya sa mutum takwas za su jera suna hira ba tare da keke ya kwashe wani ba. Ku fara da Markthal kafin a rufe da yamma, kasuwar abinci ce ƙarƙashin wani ƙaton rufi mai zane, an buɗe ta 2014. Bayan isha'i ku bi titin Witte de Withstraat, nan ne hayaniyar take, kujeru a waje, kiɗa ta ko'ina, kuma ba wanda zai harare ku don kun ce lemo za ku sha. Abin da na fi so shi ne tasin ruwa: ƙaramin kwalekwale mai gudun tsiya da zai tsallakar da ku kogin Maas, gadar Erasmus tana walƙiya a samanku. Ayari ya raba kuɗin, ba ya zafi.

Abinci na halal kuwa ba sai an yi cigiya ba. Turkawa da 'yan Maroko da 'yan Suriname sun cika garin, har ɗan asalin Maroko, Ahmed Aboutaleb, ya yi magajin gari daga 2009 zuwa 2024. A titin West-Kruiskade za ku samu shawarma da gasasshiyar kaza har tsakar dare. Ku nemi kapsalon, a garin aka ƙirƙiro shi: soyayyen dankali, nama, cuku da ganye a faranti ɗaya. Ranar Juma'a ga masallacin Essalam a kudancin gari.

Yanzu ga inda ake cin mutane. An taɓa yi mana sakiyar da ba ruwa da wani gida mai ɗaki huɗu a bakin ruwa, hotuna kamar fada, muka isa adireshin da akwatuna muka tarar da shago. Don haka duk mai gidan da ya ce ku bar shafin haya ku koma WhatsApp, ko ku tura kafin alƙalami ta banki don ya rage muku, ɓarawo ne. Wanda ya tallata gidan mutum goma a tsakiyar Amsterdam kuwa, ko dai ƙarya yake ko yana karya doka, kuma ku ne za ku kwana a titi. Otal ya fi, ɗaki uku a hawa ɗaya, a biya da kati.

A filin jirgin Schiphol da ke kusa da Amsterdam wasu za su tare ku suna "tasi, tasi". Kada ku bi su. Tasin gaskiya lambarsa shuɗiya ce, yana layi a waje, kuma jirgin ƙasa na nan ƙarƙashin filin. Akwai masu shigar burtu da sunan 'yan sanda su ce a kawo walat su duba jabun kuɗi. Ku ce a tafi ofis, za ku ga sun sulale. Shagon da aka rubuta wa coffeeshop wiwi ake sayarwa a ciki, kek ɗinsa ma da ita aka kwaɓa, kada wani ya saya wa ayari tsaraba.

Tun daga gida ma a kula da dillalan biza. Kuɗin bizar Schengen, wadda ake shiga Holan da ita, Yuro 90 ne ga babba, kuma dole a nuna inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Dillalin da ya ce zai haɗa muku takardar otal ta bogi ku cike fom da ita, in aka gano, ayarin gaba ɗaya zai jawo wa.