Mai ido biyu ko teleskof, don gane wancan tauraro mai ƙyalli

Malam, tsakanin madubin hangen nesa mai ido biyu da teleskof mai ƙafa uku da ka tambaya, sayi mai ido biyu, wanda aka rubuta wa 10x50. Ma'anarsa yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashin gaba kuma milimita 50 ne. Wannan faɗin shi ke tattaro haske, shi ne abin dubawa.

Amma kafin ka kashe ko kwabo, ido kaɗai ya isa rabin aikin. Abin da kake gani kudu maso gabas bayan sallar isha a lokacin hunturu, yana rawa yana canza launi, fari, shuɗi, ja, Shi'ira ce, wadda aka ambata a Suratun Najmi. Duk taurarin dare babu wanda ya kai ta haske. Nisanta ya sa ta zama ɗigo ɗaya tak, iska mai zafi da mai sanyi suna karkata haskenta, musamman idan tana ƙasa-ƙasa. Duniyoyi irin su Zahra da Mushtari sun fi kusa, suna da ɗan faɗi, don haka haskensu a natse yake kamar fitila. Zahra kuwa ba ta nisa da rana: ko dai yamma bayan magariba, ko gabas da asuba, inda ake ce mata Gamzaki. Idan ka ga abu mai haske a tsakiyar sama da ƙarfe 12 na dare, ba ita ba ce. Mai tafiya da jar fitila tana ƙiftawa kuma jirgin sama ne.

Inda mai ido biyu ke burgewa shi ne Mushtari. Jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota don kada hannu ya yi rawa, ka juya ƙaramin keken tsakiya har hoto ya fito tas. Za ka ga ɗan ƙwallo fari, da ɗigo biyu zuwa huɗu a jere a gefensa. Watanninsa ne, waɗanda Galileo ya gani a 1610, kuma gobe za ka tarar sun sauya wuri. Juya shi kan Kaza Mai 'Ya'ya, inda ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ka ga sun cika gilashi. Mai ido biyu yana buɗe sama da faɗi, ba ka shan wahalar neman abu, kuma ka rataya shi a wuya ka hau Dala ko Goron Dutse.

Teleskof mai araha, to, zai nuna maka zoben duniyar Zuhal da ramukan wata, idan ƙafafunsa sun yarda sun tsaya. Tauraro kuwa ko a cikinsa ɗigo ne.

A kula da 'yan kasuwa. Kwalin da aka rubuta wa 525x da hotunan duniyoyi masu launi yaudara ce, domin gilashi mai milimita 60 ba ya wuce kusan sau 120 kafin hoto ya dagule. A mai ido biyu ma guji mai jan gilashi wanda ake ce maka wai yana gani cikin duhu. Gwada shi a bakin shago: kalli ƙarfen sabis mai nisa, in ya fito biyu ko idonka ya fara ciwo, wataƙila an taɓa yar da shi, ajiye musu. Riƙe shi nesa da fuska ka duba ɗigon hasken da ke ƙaramin gilashi, ya zama zagaye sosai.

Ƙurar hunturu ba a goge ta da bakin riga, a fara hure ta tukuna. Kada kuma a bar yara su kalli rana da shi, yana makantarwa nan take.