Maƙerin da ya gane min lambar Boma ta bogi

Jama'a duk mai tara lambobin yaƙi na da, ko yake neman irin ta kakansa, bari in faɗa muku inda na samu wanda ya iya duba su. Wani dattijo ne maƙerin fari, yana baza kayansa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, zobba da awarwaro yake ƙerawa amma wallahi idonsa a kan ƙarfe sai dai a ce masha Allah.

Kakana yana cikin sojojin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ai 'yan Arewa ne da yawa a ciki, wajen 1943 zuwa 1945. Lambobinsa sun ɓata shekarar da ruwa ya rushe mana ɗaki, tun lokacin abin yake damuna. Sai na ga wani a Facebook yana tallar tauraron Boma, wato lambar yabo mai siffar tauraro da aka ba waɗanda suka yi yaƙin, da lambar yaƙi ta 1939 zuwa 1945 wai na asali, na tura kuɗi ba tare da na taɓa su da hannu ba.

Da na miƙa wa Baba, bai ma yi magana ba, ya fara juya tauraron a tafin hannu. Ya ce ɗana wannan zubi ne, ba bugu ba. Ya nuna min wani siririn layi a gefe inda bakin mazubin ya haɗu, da 'yan ƙananan ramuka kamar cin zago, ga rubutun da ke zagaye a tsakiyar tauraron ya narke ya cushe. Ya ce abin da inji ya buga haruffansa kaifi gare su, farce ma yana kamawa. Ita kuma mai zagayen, wadda ke da kan Sarki Joji na shida gaba, bayanta zaki ya taka wani dodo, sai ya ɗauko maganaɗisu ya kara, ɗaf ta manne. Ta gaske haɗin tagulla ce da nikel, ba ta kama maganaɗisu. Ya sake ta kan dutse, ƙarar ta fito a dushe. Tsufan ma shafa shi aka yi, da ya goga tsumma baƙin ya biyo.

Inda ya gaza kawai, shi ƙarfe ya sani, ba tarihi ba. Da ya ga bayan tauraron ba suna sai ya ce wannan ma alama ce, alhali yawancin lambobin Ingila na yaƙin duniya na biyu haka aka raba su ba suna. Na yaƙin farko ne, 1914 zuwa 1918, ake buga lambar aikin soja da sunansa da rundunarsa a gefe. Ƙyallen da ake rataya lambar ma ni na san na Boma ja ne a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo.

Kuɗin dubawa bai yanka min ba, ya ce in ba shi na goro. A je da wuri don bayan azahar mata masu gyaran zobe sun cika gabansa, kuma in za ku saya ku roƙi mai kayan ya biyo ku wajen Baba kafin ku biya.