Kujerar Alminiyam Mai Hannu Don Cin Abinci a Fili: Luxembourg Ko Toledo?

Duk wanda ke da wurin cin abinci a fili ya san aikin kwashe kujeru da dare da fitar da su da safe, kuma wannan aikin ne ya kamata ya yanke masa hukuncin kujerar da zai saya, kafin suna ko launi. Alminiyam ya samu karɓuwa a nan domin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, kuma ba ya yin jar tsatsa idan ruwa ya doke shi.

Kujerar Luxembourg ta kamfanin Fermob na Faransa ita ce aka fi sani. Frédéric Sofia ne ya sake zana ta daga kujerun ƙarfe da aka yi wa lambun Luxembourg na birnin Paris a 1923, ya mayar da ita ta bututun alminiyam, har ma'aikaci ɗaya yana iya ɗaukar ta da hannu guda ya ɗora kan 'yar'uwarta. Sai dai rashin nauyin yana da nasa aibin, domin iskar hadari mai ƙarfi tana iya kifar da ita idan an bar ta ita kaɗai a saman bene.

Toledo, wadda ɗan Sifen Jorge Pensi ya zana a 1988, daban take, domin mazauninta da majinginarta zubi ne na narkakken alminiyam, da tsagogi waɗanda ruwa ke zurarewa ta cikinsu, iska kuma ta ratsa bayan mai zama. Ta fi nauyi, ta fi zama daram a ƙasa. A ganina ita ta dace da wurin da kujeru ke kwana a waje, Luxembourg kuma da wurin da ake tattara su kullum.

Kowace aka zaɓa, a auna tsayin hannunta kafin a biya kuɗi. Teburin cin abinci yakan kai santimita 74 zuwa 75, kuma idan hannun kujera ya daki gefensa ya ƙi shiga ƙarƙashi, mai cin abinci zai zauna nesa da kwanonsa yana miƙo wuya, kujerar kuma ta tare hanya. Wannan kuskuren na fi ganin masu saye suna yi.

Sannan a ɗora huɗu a gaban mai sayarwa, a duba inda suke taɓa juna. Idan babu 'yar roba a wurin, fentin da aka gasa a jikinsu zai fara gogewa daga nan. A kifa ɗaya a shafa waldar da yatsa, a tambaya ko ana samun robar ƙafa ta canji. A wurin da rana ke da zafi a nemi launi mai haske, domin baƙar kujerar alminiyam da ta wuni a rana ba ta zaunuwa da azahar sai da kushin.