Cin abinci a Jamus, Ostiriya da Suwizalan: shagon Baturke, gidan abincin gargajiya ko kanti?

Duk wanda ya sauka a Jamus da yunwa a cikinsa, ƙamshin gashi ne zai fara yi masa maraba a tashar jirgin ƙasa, sai daga baya ya gane cewa yawancin abin da ke kan wutar nan tsiran alade ne. A nan mutanenmu da yawa suke yanke shawara: kwana goma za su yi, kwana goma za su ci döner. Ni ma na taɓa bin wannan hanya har sai da ganin burodin ya fara gundurata. Alhali akwai abincin 'yan ƙasa da yawa da Musulmi zai ci hankalinsa kwance, in dai ya san abin da zai tambaya.

Döner ɗin dai ba abin rainawa ba ne. Turkawa ne suka kawo shi, waɗanda suka fara shigowa Jamus ta Yamma aiki bayan yarjejeniyar 1961, kuma ana danganta sayar da shi a cikin burodi da Kadir Nurman, wanda ya buɗe rumfarsa kusa da tashar Zoo ta Balin a 1972. Nama ne da ake jerawa a jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta, a yanko shi siriri a cusa a burodi da latas da albasa da tumatir. Da can yuro uku zuwa huɗu ne, amma a 2024 ya kai bakwai zuwa takwas a manyan birane, tsadar da ta sa har 'yan siyasa suka yi ta muhawara a kanta. Duk da haka shi ne abinci mai zafi mafi araha da zai riƙe maka ciki. Kafin ka saya, dubi naman da ke juyawa. In kana ganin sala-sala a jere, nama ne sosai. In kuwa sumul yake kamar an shafe shi da siminti, niƙaƙƙe ne da aka cakuɗa, kuma ɗanɗanon ba ɗaya ba. Ka ce scharf a zuba maka barkono, ko da yake yajinsu ba zai sa Bakano ya ko yi tari ba. Kada ka ɗauka duk shagon Baturke halal ne; tambaya ba ta cin kuɗi. Inda zaɓi ya fi yawa: titin Sonnenallee a Balin, inda Larabawa suka cika, Keupstraße a Kolon, Steindamm a Hambug, da kasuwar Brunnenmarkt a Biyana. Ka riƙe tsabar kuɗi, don ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati.

Gidan abincin gargajiya, wanda suke kira Gasthaus, ya fi tsada, ya fi buƙatar sa ido, amma nan ne za ka san ka zo ƙasar. Wata rana a Munik na ga na yi dabara, na ce a kawo min haɗin dankalin turawa kawai, tunda ai dankali ba ya da mahauci. Da aka ajiye farantin sai na ga 'yan jajayen gutsattsari a ciki. Na tambayi matar da ta kawo ko da nama, ta ce a'a, Speck ne kawai. A wurinta wannan kayan ɗanɗano ne kamar daddawa, ba ta lissafa shi cikin nama. Tun ranar na haddace kalmomi huɗu: Schwein alade ne, Speck da Schinken naman alade ne da aka sarrafa, Schmalz kuwa kitsensa ne da ake suya da shi. Ko burodin nan mai kama da ƙulli, Brezel, wasu masu gashi a kudu suna kwaɓa shi da wannan kitse.

Shahararren schnitzel ma akwai tarko a sunansa. In an rubuta Wiener Schnitzel, naman maraƙi ne da aka buga ya yi faɗi, aka tsoma a ƙwai da garin burodi aka soya. In aka rubuta Schnitzel Wiener Art, kusan kullum alade ne, shi ya sa kuɗinsa ya fi sauƙi. Ko na maraƙin, ba yankan Musulmi ba ne, kuma wannan magana ce tsakanin mutum da malaminsa. Ni dai nakan kauce wa gardamar in koma ga kifi da cuku.

A ɓangaren kifi, arewacin Jamus ba ta da na biyu. Fischbrötchen ɗan burodi ne da kifi da albasa, kuɗinsa bai kai na döner ba. Akwai na soyayyen kifi, wanda harshenmu ya fi saurin karɓa, akwai na kifin da aka jiƙa a gishiri ko ruwan tsami ba a dafa ba, wanda sai an saba. Kasuwar kifi ta Hambug, wadda ke ci tun 1703, ranar Lahadi kaɗai take ci, daga ƙarfe biyar na asuba a lokacin zafi, ta watse da tara da rabi. Wanda ya yi sallar asuba ya fito, ya riga masu barci samun na kirki. A Bavariya kuma akwai Steckerlfisch, kifi guda a soke a tsinke a gasa kan garwashi, wanda duk ɗan Yawuri ko Baga zai gane da ganinsa. A kudu sai Käsespätzle: 'yar taliyar ƙwai ce mai laushi, an narka mata cuku an barbaɗa soyayyar albasa. Tana da nauyi, faranti ɗaya ya isa har dare. Ka dai ce ohne Speck, wato ban da Speck.

Barasa ita ce ɓoyayyiyar matsala ta biyu, musamman a Suwizalan da wajen kayan zaƙi. Fondue, cukun da ake narkawa a tukunya ana tsoma burodi, da farar giyar inabi ake haɗa shi. Ɗan'uwansa raclette kuwa cuku ne zalla da ake narkawa a kwarara kan dafaffen dankali, don haka in za ka zaɓi ɗaya, raclette ne naka. Kek ɗin Baƙin Daji, Schwarzwälder Kirschtorte, da barasa ake jiƙa shi. Kaiserschmarrn na Ostiriya, fanke ne da ake yayyagawa a barbaɗa sukari, yana da daɗi ƙwarai, sai dai busasshen inabin da ke ciki sau da yawa an jiƙa shi a barasa. Ana iya yi maka ba da shi ba.

A Biyana, in kuɗinka na zama ɗaya ne kawai, kashe shi a gidan kofi. Za a kawo maka kofi a kan ƙaramin tire da kofin ruwa, kuma ba mai zuwa ya tsaya maka a ka don ka tashi, ko da za ka yi awa uku kana duba jarida. Wannan al'ada ta shiga kundin gadon al'adun Ostiriya na UNESCO a 2011. Zaman ya yi kama da na teburin mai shayi, bambancin kawai babu mai ɗaga murya.

Suwizalan kuwa aljihu take ci. Abincin da za ka ci a yuro goma sha biyar a Jamus zai iya kai faran talatin, kuɗin Suwizalan, a Zurik. Naman halal na dabbar da ba a sumar ba ma daga waje ake shigo da shi, saboda tun 1893 ƙasar ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba. Mafita ita ce gidajen abinci na manyan kantunan Migros da Coop, inda kake ɗaukar tire ka zaɓa da idonka. Migros ba ta ma sayar da barasa a kantunanta, kuma mambobinta sun sake zaɓar a bar dokar yadda take a 2022. A duk ƙasashen uku, abincin rana ya fi na dare araha, don gidaje da yawa suna da farashi na musamman tsakanin sha biyu da biyu.

Wanda zai daɗe, ko ya zo da iyali, ya nemi masauki mai kicin. Naman halal yana kantin Turkawa, doya da manja da gari suna shagunan 'yan Afirka da ba a rasawa kusa da manyan tashoshi, garin alkama mai tsakuwa da suke kira Grieß kuma yana yin tuwo tamkar semo, in ka zo da kukarka a jaka. Burodinsu ma abin saye ne, yana da nauyi, ba kamar namu da ake matsewa a tafin hannu ba. Amma ka yi cefane ranar Asabar, domin Lahadi kantuna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgi. Kada ka jefar da robar lemo: akwai kuɗin kwalba santi 25 a kanta a Jamus, kamar yadda mai kanti ke riƙe naka a gida har ka dawo da kwalba. Ruwan famfo ana sha, amma a gidan abinci sai ka saya, kuma in ba ka ce still ba, mai gas za a kawo.

Wajen biya, tukuici ba a barinsa a kan teburi. In kuɗinka yuro 18 da ɗoriya ne, sai ka miƙa ashirin ka ce stimmt so, wato ya riƙe canjin. In kuna da yawa, mai karɓar kuɗi zai tambaya zusammen oder getrennt, a haɗe ko kowa nasa. Karon farko da na ji wannan tambaya na yi saurin cewa a haɗe, don kunya ba za ta bar ni in ga baƙo yana laluben aljihu ba. Abokan tafiyata Jamusawa biyar suka dube ni da mamaki, kowa ya zaro nasa, har wadda ta sha ruwa kawai ta ƙirgo yuro ukunta ta ajiye a gabana.