Wasiƙa daga Helsinki: gidan wankansu da namu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ya kasuwa, ya haƙuri da mu? A gaida Inna da kyau.

Ka tambaye ni ko Turawan nan na ƙasar Finlan suna da gidan wanka na kuɗi irin naka na bakin tasha. Suna da shi, sai dai hajarku ba ɗaya ba ce. Kai ruwa kake sayarwa, don shi ne mutane suka rasa. A nan ruwan sanyi daga famfo ake shansa kai tsaye, na zafi kuma ba ya yankewa dare da rana, domin daga tashar dumama gari ake turo zafin ta bututun ƙarƙashin ƙasa. Ba burtsatse, ba janareta, ba 'yan garuwa. Saboda haka ba wanda zai fitar da sisinsa don ya cuɗa jiki kawai. Abin da suke biya shi ne zafi mai tsanani, su fito kuma su faɗa sanyi mai tsanani.

Ɗakin sirace ne na katako, suna kiransa sauna. Akwai murhu cike da duwatsu, ga bencina hawa-hawa, zafin ciki kuwa tsakanin digiri 70 ne zuwa 100. Ana ɗiban ruwa da ludayi a watsa kan duwatsun, tururi ya tashi ya lulluɓe mutum. Mutanen Finlan ba su kai miliyan 6 ba, amma an ƙiyasta ɗakunan nan sun kai miliyan 3, kuma a 2020 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar cikin jerin gadon ɗan Adam. Inna za ta fi kowa gane lamarin: a da a cikin sauna matansu suke haihuwa, har yau kuma suna ɗaure ganyen wata bishiya, koivu, su tsoma a ruwan ɗumi suna fyaɗa wa jiki, kusan yadda ake yi da ganyen darbejiya a wankan jego.

Ga batun da ya shafe ka, wato kuɗi. A ganina wanda ya fi araha kuma ya fi daraja shi ne na ginin da mutum yake haya. Yawancin tsofaffin benaye suna da sauna ɗaya ta kowa da kowa a ƙasa, sai ka sa sunanka a ba ka awa guda a kowane mako, a riƙa ƙara 'yan yuro kaɗan kan kuɗin haya. Awar nan taka ce kai da iyalinka, ka kulle ƙofa. Idan an ce ƙarfe takwas, ƙarfe takwas za ka tarar ɗaki ya yi zafi, wanda ya riga ka ya ɗauraye benci ya fita. Ba mai gadi, ba mai tsawatarwa, wannan ne ma har yanzu yake ba ni mamaki.

Sai na jama'a. A unguwar Kallio akwai Kotiharju, tun 1928 take aiki, da itace ake hura ta, maza da ɓangarensu mata da nasu. Ko a tsakiyar hunturu za ka ga maza zaune a bakin titi ɗaure da tawul, jikinsu na tururi, suna shan iska. A garin Tampere akwai Rajaportti ta 1906, ita ce mafi tsufa cikin waɗanda ke aiki. Irin waɗannan mutum zai kashe abin da bai kai yuro 20 ba. Sababbin na bakin teku, irin Löyly da aka buɗe a 2016, sun fi tsada, ga gidan abinci ga baƙi 'yan yawon buɗe ido. Gini ne mai kyau, amma ni kuɗin kallon teku nake ganin ana biya. Har ta kyauta akwai, Sompasauna, wadda 'yan sa-kai suka gina, mai zuwa ya taya faskare da ɗibar ruwa.

Na san abin da ke ranka: tsiraici. Gaskiya ne, a ɓangaren maza yawancinsu zigidir suke zama, ba kuma wanda yake kallon wani. A wasu gidajen iyo na hukuma za ka ga alamar hana shiga sauna da wandon iyo, wai saboda sinadarin da ke cikin ruwan kwamin yana tashi da tururi. Amma tawul ban ga inda aka hana ba. Ni babban tawul nake ɗaurawa daga cibiya zuwa gwiwa, na runtse ido daga abin da bai shafe ni ba, kuma ba a taɓa ce mini kanzil ba. Inda ake cakuɗa maza da mata kuwa, a wasu wurare dole a sa kayan iyo, a wasu kowa da ganin damarsa, don haka sai mutum ya bincika kafin ya sayi tikiti. Wanda duk wannan bai kwanta masa ba, awar gidan haya ta ishe shi.

Ladubban ba su da yawa amma ana kiyaye su. Sai ka yi wanka da sabulu tukuna ka shiga, ba a kai dauɗa ciki. Ka shimfiɗa ɗan ƙyalle ko takardar zama a kan benci. Ka rufe ƙofa da sauri, don barinta a buɗe shi ne abin da zai sa dattijon da bai taɓa magana ba ya yi gyaran murya. Kafin ka watsa ruwa kan duwatsu ka tambayi na ciki, in kuma kai ka ƙarar da bokiti kai za ka ciko shi. Sabon shiga ya zauna a bencin ƙasa, zafi sama yake taruwa. A cire agogo da zobe, ƙarfe yana ƙuna, waya kuma a loka take kwana. Da ka ji jiri ka fita, ba mai yi maka dariya. Sun taɓa mai da jure zafin gasa a garin Heinola, sai a 2010 wani ɗan Rasha ya mutu a zagayen ƙarshe cikin zafin digiri 110, daga nan aka daina. Tsofaffinsu suna cewa a zauna a sauna kamar yadda ake zama a coci. Duk da haka mutumin da zai yi shekara bai gaishe ka a matakalar bene ba, a kan bencin nan zai tambaye ka daga ina kake.

Sanyin da na ce suna faɗawa kuwa, ramin ƙanƙara ne, avanto suke ce masa. Idan tafki ya daskare sai a fasa rami a jikin gada, a kafa tsani, a sa inji yana motsa ruwan don kada ya sake daskarewa. Sanyinsa bai wuce digiri 0 zuwa 4 ba. Akwai ƙungiyoyin masu wannan iyo, ka biya kuɗin shekara a ba ka makullin ɗakin canza kaya a bakin ruwa. Wanda ba ɗan ƙungiya ba yana iya zuwa tafkin Kuusijärvi a Vantaa, ko Rauhaniemi a Tampere, ya biya na rana ɗaya.

Ba a fitowa daga zafi a afka kai tsaye, sai an ɗan tsaya jiki ya huce. Ba a yin tsalle, da baya ake sauka ta tsani, kai kuma ba ya shiga ruwa, shi ya sa za ka ga tsohuwa da hular ulu a tsakiyar ƙanƙara. Abin da ya fi ba sabon shiga tsoro shi ne numfashi: da ruwan ya kai ƙirji sai ya sarƙe, zuciya ta hau bugawa. Sai mutum ya riƙe tsani ya fitar da iska a hankali har ta daidaita. Daƙiƙa goma ko ashirin sun isa a farko. Mutum ba ya zuwa shi kaɗai, ba a shiga da mura ko zazzaɓi, mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa sai ya ga likita, don haka kai da kake shan maganin hawan jini, ko ka zo ziyara kallo ne naka. Tafin ƙafa da yatsu su suka fi shan wuya, shi ya sa ake sayar da safar roba ta ƙafa da ta hannu a shagunan kayan wasanni. Bayan an fito jiki yana ɗaukar wani ɗumi da tsikar da ban iya kwatanta maka ba, baccin daren ranar kuma ba magana.

Abin da nake ganin zai yi maka amfani shi ne tsarin awa. In hunturu ya kama, ka ware ɗaki ɗaya mai ruwan zafi da makulli, masu shagunan da ke kusa su riƙa biyan kuɗin wata, kowa da lokacinsa bayan asuba ko bayan la'asar, ba layi. Ka lissafa kuɗin itace ka aiko mini, ni zan ɗauki nauyin tukunyar.

Ƙaninka.