Mamari ko birgi a hunturu?

Jiya a kasuwar kifi munka yi gardama da wani dattijo basarke kan wanne ya fi wajen kamun kifi a hunturu, yace birgi (ragar jifa) ni ko nace mamari (igiya mai ƙugiyoyi).

In Disamba ta shigo ruwan gulbin Rima ya fara ja baya, sanyi ya sa kifi ya lafe can ƙasa, baya son motsi. Mai birgi dole ya shiga ruwa har ƙugu yana jifa yana jawowa, hannu ya ƙage iska na bugunka, kuma sai hantsi ya ɗaga gargaza ke fitowa shan ɗumi bakin gaɓa. Gaskiya akwai saurin samu, nan take kaga abinda ka kama.

Mamari kuwa da la'asar zaka shimfiɗa igiyarka da ƙugiyoyi jere ka ɗaura gora, ka tafi gida ka sha bargo. Da asuba ka ɗago, tarwaɗa ce manya, wani lokaci har giwan ruwa in ka sa ƙaramin kifi mai rai wajen zurfi irin na dam ɗin Goronyo. Matsalar dai ɓarayi, bara sau biyu ana riga ni zuwa, wallahi har yau abin na min ciwo.

Baba yace yaran yanzu tsoron ruwa muke. Nace Baba ƙirjina ne baya ɗaukar sanyi, mamari na nan daram.